Takobi mai jure wahala kuma mai sauƙin kuɗi: abin da za ka duba kafin ka biya

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka sa ranar naɗin sarauta, ko ana shirin bikin Bianu a Agadas, cinikin takobi yakan motsa. Mahaya suna nema saboda hawa, makiyaya suna nema saboda daji, ƴan uwa da ke Libiya, Abijan ko Legas kuma sukan aiko da kuɗi a saya wa tsoho ko ango. Tambayar kowa guda ce: wane takobi ne zai daɗe, ya sha wahala bai karye ba, kuma bai cinye aljihu ba?

Amsar a taƙaice ita ce, ƙarkon takobi yana wuri uku: irin ƙarfen da aka yi shi da shi, yadda maƙeri ya shayar da ƙarfen, da yadda ruwan takobin ya zauna cikin mariƙinsa. Sauran, wato tagulla da zane da kube mai launi, ado ne. Kuma sau da yawa adon ne ke cin mafi yawan kuɗin.

Takobinmu da asalinsa

Takobi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1975, da aka fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, takobi ake miƙa wa sarkin kokowa. A fadar Damagaram, da ta Gobir a Tsibiri, da ta Katsinar Maraɗi, hawa ba ya cika sai da shi.

Irin wanda aka fi sani a nan, wanda Buzaye ke ce wa takoba, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawonsa duka kusan mita guda, da kwari-kwari a tsakiyar ruwansa. Ayarin raƙuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna kawo ruwan takobi daga Turai ta hanyar Sahara. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa ya isa Kano a 1851, ya rubuta cewa mafi yawan ruwan takubban da ke shiga kasuwar Kano daga garin Solingen na Jamus suke fitowa, a Kano kuma ake yi musu mariƙi da kube.

Wannan tarihi yana shafar mai saye a yau. Tsofaffin ruwan takubba sukan zo da tambari, kamar jinjirin wata guda biyu ko siffar dabba, kuma maƙeranmu sun daɗe suna buga irin tambarin a nasu aikin. Don haka in mai sayarwa ya nuna maka jinjirin wata ya ce na kakanni ne, ya ninka kuɗi, ka sani tambari kaɗai ba shaida ba ne. In kuwa da gaske tsohon ne, to kayan gado ne, a adana shi. Ba shi ake kai wa daji ba.

Na farko: ƙarfen

Ƙarfe ba duka ɗaya ba ne. Abin da ke sa ya taurara in an shayar da shi wani sinadari ne da ake ce wa kabon, irin wanda ke cikin gawayi. In ya yi kaɗan, ƙarfen ya zama lagwani, ya lanƙwashe ya zauna a lanƙwashe. In ya yi yawa, ya yi kaifi ƙwarai amma ya zama mai saurin karyewa. Takobi tsaka-tsaki yake so, wajen kashi 0.6 cikin ɗari.

Abin daɗi shi ne irin wannan ƙarfe yana nan a yashe a garejojinmu: ƙarfen rasor na mota, wanda ƴan Najeriya ke ce wa sifirin. An yi shi ne don ya lanƙwasa ƙarƙashin kaya ya dawo, sau dubbai, a kan hanya mai gargada. Abin da ake so ga takobi ke nan. A kasuwar Katako ta Yamai da wurin masu tsofaffin kayan mota a kowane babban gari ana samun shi da araha. Aibinsa guda: rasor da ya sha shekaru yakan ɓoye ƙananan tsage-tsage, musamman kusa da ramin ƙusar tsakiya. Maƙeri na kirki yakan kankare shi ya duba, ya yar da wurin da ya gaji.

Iri biyu kuma a guje su. Na ɗaya rodin gini da falankin ƙarfen ƙofa: suna da sauƙin bugu, shi ya sa mai gaggawa ke son su, amma yawancinsu ba su shan ruwa yadda ya kamata. Na biyu farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, wanda ake shigo da takubbansa daga waje. Yana da kyau ga wuƙar ɗakin girki, amma in ya yi tsawo kamar takobi, bugu mai ƙarfi na iya ɓalle shi gida biyu. Kyan ɗan maciji ke gare shi. Wurinsa jikin bango.

Na biyu: shayarwa

Nan ne gwanintar maƙeri take, kuma nan ne ido ba ya gani. Bayan an gama ƙira, ana mayar da ruwan takobin cikin wuta, a zuga har ya yi ja sosai daga gindi zuwa tsini, zafin da ya kai wajen digiri 800. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya saboda zafinsa, kuma da yawa sukan bari sai cikin inuwa ko da yamma, don a ga launin ƙarfen da kyau. Daga nan sai a tsoma shi. Ga ƙarfen rasor, mai ya fi ruwan sanyi, domin ruwa yana sanyaya shi farat ɗaya har ya tsage.

To amma aiki bai ƙare ba. Ƙarfen da ya fito daga mai yana da tauri kamar kwalba, in ya faɗi a kan dutse ma yana iya fashewa. Dole a goge shi, a sake ɗumama shi a hankali a wuta marar ƙarfi, ana kallon launi: ya fara da ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara, ya koma ruwan hanta, ya kai shuɗi. Wajen shuɗin nan, kusan digiri 300, ake tsayawa ga takobin da ake so ya jure. Wannan mataki na biyu shi ne masu sauri ke tsallakewa. Don haka ka tambayi maƙerin kai tsaye: "Malam, bayan ka tsoma, kana mayar da shi wuta?" Yadda zai amsa maka ya ishe ka sanin hannun da kake ciki.

Na uku: wutsiya da mariƙi

Takubba da yawa ba a tsakiya suke karyewa ba, a wuya suke karyewa, inda ruwa ya haɗu da mariƙi. Ruwan takobi yana da wutsiya da ke shigewa cikin mariƙi. A takobin kirki, wutsiyar da ruwan ƙarfe guda ne, tana da faɗi, ta ratsa mariƙin har ta ɓullo ta kansa, a daddake bakinta ta riƙe komai. A na banza, guntuwa ce, ko kuma siririn rodi aka liƙa da walda aka rufe da fata.

Wannan ba maganar asarar kuɗi kaɗai ba ce. Mahayi ya zaro takobi yana jinjina a cikin sukuwa, ruwan ya fice daga mariƙi, ina zai sauka? Cikin mata da yara da ke kallo a bakin hanya.

Gwaji biyar a gaban mai sayarwa

Ka nemi izini tukuna, ka sa mutane su ja baya. Mai kaya nagari ba ya tsoron gwaji.

1. Lanƙwasawa. Ka kafa tsinin a kan katako, ka danna a hankali har ruwan ya karkata kamar faɗin yatsu huɗu, sannan ka saki. Ka ɗaga shi ka bi shi da ido daga gindi zuwa tsini. In ya dawo sak, madalla. In ya zauna a karkace, bai sha ruwa ba. Ka kawar da fuskarka lokacin da kake dannawa.

2. Magagari. Ka goga shi kaɗan a bakin kaifi, kusa da gindi. In yana ci kamar sabulu, ƙarfen lagwani ne. In yana zamewa sam bai kama ba, taurin ya yi yawa. Wanda ake so shi ne magagari ya kama da ƙyar. Ka gwada wuri biyu ko uku, domin wani takobin rabinsa kawai ya sha.

3. Girgizawa. Ka riƙe mariƙi ka buga gefen ruwan da tafin hannu. In ka ji kwaram-kwaram ko wani motsi a cikin mariƙin, ajiye shi. Ka duba kan mariƙin, ko kana ganin bakin wutsiyar da aka daddake.

4. Haske. Ka fitar da shi rana, ka share shi, ka nemi layi siriri kamar gashi da ya gitta ruwan. Tsaga ce. Tabon tsatsa na sama ana gogewa, tsaga ba ta da magani.

5. Nauyi. Mutane suna zaton mai nauyi shi ne mai ƙarfi. Ba haka ba ne. Takobi irin namu kilo guda ne ko ƙasa da haka. Ya kamata ya yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa zuwa tsini. Ka ɗora shi a kan yatsa: inda zai daidaita kada ya wuce kamar taƙi guda daga mariƙi. Kwarin da ke tsakiyarsa kuma ba hanyar jini ba ce kamar yadda ake faɗa, rage nauyi yake yi ba tare da ƙarfin ya ragu sosai ba.

Yadda za a rage kuɗi

Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba aikin. Ka sayi rasor ɗinka, ka kai wa maƙerin da gatarinsa da addarsa suka yi suna a garinku, domin wanda ya iya shayar da adda ya san rabin aikin, sai dai ka tabbata ya taɓa yin dogon ƙarfe. Ka ce a yi maka mariƙi na fata marar ado, baduku ya ɗinka kube da hamila masu sauƙi. Tagulla da azurfa suna iya jira sai shekarar da damina ta yi kyau. Kada kuma ka ce a wasa bakin ya yi siriri kamar aska, baki mai ɗan kauri ya fi jure bugu.

Ƴan uwa da ke waje, kada ku saya da hoto. Ku wakilta wanda ya san ƙarfe, a yi gwajin lanƙwasawa a ɗauka a waya a turo muku ta WhatsApp. Ku ba da rabin kuɗi, sauran sai an gwada. In za ku tafi da shi ƙasar da kuke zaune, ba a shiga jirgi da shi a kayan hannu, kuma kowace ƙasa da dokarta, sai ku tambayi duwan tun kafin ku saya.

Abin da babu takobin da zai jure

Ko na Solingen ne, takobi ba gatari ba ne. Faskare, tonon rami, ɓanɓare ƙofa, saran dutse ko haɗa kaifi da kaifi a wasan samari, duk suna kashe shi. In sassabe ko yankan ƙaya don shinge ne buƙatarka, sayi adda: ta fi araha nesa, kuma don wannan aikin aka ƙera ta.

Kulawarsa ba wuya. Ka shafa masa mai kaɗan bayan kowane amfani. Da damina ka riƙa zaro shi yana shan iska, domin fata tana riƙe laima. Da hunturu ka shafa wa kuben man kaɗe kada ya tsattsage. Wurin wasawa, dutse da ruwa sun fi inji: in inji ya ƙona bakin har ya sauya launi, shayarwar wurin ta tafi.

Daga ƙarshe, takobi makami ne, ko da na ado ne. A rataye shi inda hannun yaro ba ya kai. Kafin ka shiga kasuwa ko taro da shi, ka tambayi maigari ko jandarma abin da aka yarda da shi a yankinku. Lokacin kaka kuwa, sa'ad da dabbobi ke gangarowa gonaki ba a gama kwashe amfani ba, in an tafi sasanta ɓarna, a bar shi gida. Hukunci yana wurin maigari da hakimi, kuma rai guda ya fi damin hatsi dubu.