Ciwon Da Ke Bin Lebura Daga Apapa Har Mubi

Magidanci kan bar Mubi ya yi shekaru yana aikin mai a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a Ikko, ya komo da ɗan jari. Wani kuwa har da ciwon da bai san ya ɗauko ba.

Cikin fetur da ɗanyen mai akwai wani sinadari, benzin. Mai wanke tankin jirgi da mai haɗa mesa wajen sauke mai kullum suna shaƙarsa, yana kuma ratsa fata. Ɓargo yake yi wa ɓarna, inda jiki ke yin jini. Sai kasala, da ƙarancin jini, da dasashi mai zubar jini, wani lokaci har sankarar jini. Abin takaici, ciwon kan yi shekaru bai bayyana ba. Kafin nan mutum ya koma gida, dangi na ta jiƙa masa maganin shawara.

To, doka ba ta manta da shi ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da ciwon da aiki ya jawo, kuma ko leburan wucin gadi yana ciki. Kamfani ne zai zuba wa hukumar NSITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa, ba a taɓa kwabon lebura.

Amma fa akwai wa'adi: shekara 1 daga bayyanar ciwon. Za a kuma nemi shaidar aiki da takardar likita, alhali galibin leburori a hannu ɗan kwangila ke biyansu, ba ko rasit.