Mai Tseren Babur Da Waɗanda Suka Ɗauke Shi

A ƙasar Amurka akwai wani irin tsere da ake yi da babur a cikin filin ƙwallo. Akan tara ƙasa a yi tuddai da kwazazzabai, samari su hau babura suna tsallake su, dubban mutane suna kallo. A watan Janairu na 2000 aka shirya irin wannan tsere a birnin San Diyego ta jihar Kalifoniya. Cikin gwanayen da suka zo akwai Jimmy Button, mai hawa wa kamfanin Yamaha, yana da shekara 26. Tun ba a fara tseren ba, yana cikin gwaji, sai ya faɗi ta ka. Da aka zo ɗaukarsa, ba ya iya motsa hannu ko ƙafa.

Abin da ya same shi

A cikin ƙashin bayan mutum akwai laka, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙasusuwa bakwai na wuya ta gangara. Ita ce take kai saƙo zuwa ga gaɓoɓi. In ta ji rauni a wuya, jiki yakan shanye daga wuya zuwa ƙasa. In ta ƙuje ne kawai ta kumbura, wani lokaci ƙarfi yakan dawo kaɗan kaɗan. In kuwa ta tsinke, har yanzu likitoci ba su sami hanyar haɗa ta ba.

Lakar Button ba ta tsinke ba. Bayan makonni yana kwance sai motsi ya soma dawowa. Ya yi watanni yana koyon abin da yaro ƙarami ya iya: zama, tsayuwa, riƙe cokali, taka ƙasa. A ƙarshe ya yi tafiya da ƙafafunsa, ko da yake bai koma tseren babur ba.

Ba kowa yake samun haka ba. Wayne Rainey, wanda ya zama zakaran duniya a 1990 da 1991 da 1992, ya faɗi a Misano ta ƙasar Italiya a 1993, jikinsa ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa, ya koma zama a keken guragu. Duk da haka bai zauna banza ba, gama ya ci gaba da aiki a harkar tsere, har ya shugabanci masu shirya gasar babura ta Amurka.

Bayan an sallami mutum daga asibiti

Ranar hatsari jama'a sukan cika asibiti. Bayan wata uku sai ka ga saura uwa, ko mata, ko ƙane ɗaya. Alhali kuwa a lokacin ne babban kashe kuɗi yake farawa. Ana bukatar masu gashi da motsa gaɓoɓi, da keke, da katifa mai taushi, da robar fitsari, da gyaran ƙofa da makewayi. Ana bukatar mai juya majiyyaci kusan kowace awa 2 don kada gyambo ya kama shi. Ga shi kuma mai nemo abincin gidan shi ne a kwance.

Button da abokansa, Bob Moore da Bob Walker, suka ga cewa mahaya da yawa suna shiga wannan hali ba su da mai tallafa musu. Saboda haka a shekarar 2000 suka kafa ƙungiya mai suna Road 2 Recovery, watau hanyar samun sauƙi. In mahayi ya ji mummunan rauni, sai a buɗe asusu da sunansa. Masu kallo su ba da abin da suke iyawa. Abokan tserensa su kawo rigunansu da hulunan kwano, su sa hannu a kai, a yi gwanjonsu. Ƙungiyar ce take riƙe kuɗin, tana biyan bukatun jiyya. A 2011 Button da kansa ya hau keke daga San Diyego zuwa Daytona ta jihar Fulorida, tafiyar fiye da mil 2,000, domin a tara kuɗin binciken maganin raunin laka.

"Ai shi ya jawo wa kansa"

Watakila mai karatu ya ce, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wa ya aike shi tsalle da babur? Gaskiya ne, wasa ne mai hatsari. Amma mu duba sura ta 2 ta Bisharar Markus. Mutum huɗu suka ɗauko shanyayye a kan shimfiɗarsa zuwa wurin Yesu a Kafarnahum. Da suka rasa hanya saboda taro, suka hau soro suka buɗe rufin, suka zura shi. Ba a gaya mana abin da ya shanye shi ba, ba mu kuma ji masu ɗaukarsa sun tsaya bincike ba. An dai ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Mutumin ba shi da ƙafa, amma yana da abokai huɗu.

A garuruwanmu ba mu da filin tsere irin na San Diyego, amma muna da 'yan acaɓa, da manoma masu kai buhu kasuwa a kan babur, da masu bishara da suke zaga ƙauyuka. Laka iri ɗaya ce. Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta san gidan da babur ya kwantar da wani ba.

In za mu tara gudummawa

Da fari, a nemi yardar majiyyaci da iyalinsa kafin a yi sanarwa. Kada a mai da shi abin nuni.

Na biyu, a tambayi likita abin da ake bukata da kuɗinsa, a rubuta. Gudummawar da ba ta da lissafi takan ƙare a kan lemo da kuɗin mota.

Na uku, kada kuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya. Sa'ad da Manzo Bulus yake tara taimako domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe shi kaɗai ba. Ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada a sami abin zargi, kamar yadda yake a sura ta 8 ta 2 Korantiyawa. Haka mu ma, a sa mutum biyu ko uku, su riƙa karanta lissafi a gaban jama'a.

Na huɗu, kaɗan kowane wata ya fi mai yawa sau ɗaya. Jiyyar laka ta watanni ce, wani lokaci ta shekaru. Zumuntar mata tana iya ɗaukar abinci, matasa su nome gonarsa, kafinta ya yi masa sandunan koyon tsayuwa, magini ya daidaita bakin ƙofa yadda keke zai shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, a tuna da sana'a. Wanda hannuwansa suke aiki zai iya ɗinki, ko gyaran waya, ko tsaron kanti. Jari kaɗan yakan mayar masa da mutuncinsa a gidansa.

Gargaɗi ɗaya

In kun iske wanda ya faɗi da babur yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada ku zaunar da shi, kada ku ɗora shi a wani babur, kada ku fizge hular kwanonsa. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a kan katako, a kai shi asibiti, ba wurin mai ɗori ba. Mummunar ɗauka tana iya ƙarasa lakar da faɗuwa ta bari. Masu hawa kuma, ku sa hular kwano ku ɗaure igiyarta.

A wurin sujadar iyali ta daren yau, ku tambayi juna: wane ne yake kwance a unguwarmu, wanda aka daina zuwa gaishe shi? Ku ambaci sunansa cikin addu'a, sa'an nan ku shirya ranar da za ku je, da abin da za ku riƙe a hannu.