Yadda marasa aiki suka ragu daga kashi 33 zuwa 4

Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 sai ga shi 4.1. Ma'aunin ne aka sauya.

Yanzu wanda ya yi aikin kuɗi na awa ɗaya a mako, ko tallar ƙosai ce, mai aiki ne. Wanda ya gaji ya daina nema kuwa ba a lissafa shi cikin marasa aiki.

Shi ya sa masana ke duba 'yan shekara 15 zuwa sama da ke aiki ko nemansa: kusan kashi 80 ne a farkon 2023. Sai dai fiye da kashi 90 na masu aikin, sana'o'i marasa rajista suke yi.