Jefa Anga a Ruwa Mai Murjani

Murjanin teku ya yi kama da dutse, amma gini ne na wasu ƙananan halittu masu rai, kuma nau'insa mai kauri da ƙyar yake ƙara santimita 2 a shekara. Saboda haka anga, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, na iya rusa ginin shekaru 50 nan take. Jirgin ma bai tsira ba, domin murjani yakan karye ya saki angar, ko kaifinsa ya datse igiya.

Ƙwararren matuƙi yakan iso da rana tsaka, lokacin da ake hango ƙarƙashin ruwa. Wuri mai haske yashi ne, mai duhu kuwa galibi murjani ne. A yashin yake sauke anga, sannan ya saki sarƙa kamar ninki 5 na zurfin ruwan. Wajibi ne filin yashin ya yi faɗi, domin idan iska ta juya jirgin, sarƙar tana sharar ƙasa a kewaye.

A Hurghada ta Masar, a gaɓar Bahar Maliya, ƙungiyar HEPCA da aka kafa a 1992 ta dasa maɗaurai na dindindin a ƙasan teku. Jirgi yakan ɗaure igiyarsa a can, ba sai ya jefa anga ba.