Ƙyallin Mota da Injin Gogewa: Kada Garin Gyaran Gira a Rasa Ido

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna na Birnin Zariya, waɗanda suka yi shekaru suna tattalin albashi kāna suka sayi mota. Maganar kuwa a kan injin nan ne da ake goge fenti da shi har ya riƙa ɗaukar ido. Na ga mutane suna kai motocinsu a goge duk sa'ad da Salla ta gabato ko biki ya taso, suna tsammani wani abu ake ƙara wa motar. Alhali kuwa rage mata ake yi.

Ga yadda abin yake. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe ya tsare shi daga tsatsa, sa'an nan launi, sa'an nan a bisa duka a fesa wani ruwa garai-garai marar launi, wanda zan kira rigar sama. Ita ce mai ƙyalli, ita ce kuma ke tare zafin rana kada launi ya koɗe. Ana auna kaurin fenti da maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Dukan hawan nan in an haɗa bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, rigar sama kuwa wajen 40 zuwa 50 ce kawai. Takardar rubutu guda kaurinta wajen 100 ne. Ashe ke nan abin da mai inji ke aiki a kansa bai kai kaurin falle ɗaya na littafin ɗan makaranta ba.

Da can ba haka fenti yake ba. Motocin farko da buroshi ake shafe su, a yi makonni ana jiran su bushe. A cikin 1924 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da motoci da wani fenti mai saurin bushewa na kamfanin DuPont, mai suna Duco, wanda ake fesawa kāna a goge ya yi sheƙi. Rigar sama ba ta zama ruwan dare ba sai wajen shekarun 1980. Shi ya sa in aka goge tsohuwar mota mai fenti hawa ɗaya, sai launinta ya fito a jikin soso, ba kuwa laifi ba ne. Amma in motar zamani ce aka ga launi a soso, to, an riga an huda rigar sama, ba sauran magani sai sabon feshi.

To, me ke dusashe fenti a garinmu? Babban abu ƙura ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zube mana a kan kome. A cikin ƙurar nan da ta hanyoyinmu akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi fenti tauri nesa. Daɗa gidajen cikin birni, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, yawancinsu an gina su da zaure da lungu, saboda haka mota a waje take kwana, a waje take yini. Da safe sai yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya share ta. Wannan sharar daidai take da a goga mata samfefa. Kowace ƙwayar yashi tana barin siririn zane, in zanen ya yi yawa sai haske ya watse, fenti ya yi duhu, a rana kuma a ga kamar saƙar gizo-gizo a jikinsa.

Aikin inji shi ne ya kankare saman rigar har ya zo daidai da gindin zanen nan. Man da ake ɗigawa a soso yana ɗauke da gari mai kaifi, mai laushi ƙwarai. Mu mutanen Zazzau mun san bugu: mabugi yakan bugi riga har ta yi sheƙi, amma kowa ya san rigar da ta sha bugu da yawa ba ta daɗewa. Na mota ya fi haka tsanani, gama abin da aka kankare ba ya dawowa har abada.

Injin iri biyu ne. Akwai mai juyawa wuri guda kamar dutsen wasa wuƙa. Shi ne mai sauri, shi ne kuma mai haɗari, don in aka tsaya da shi wuri ɗaya zafi yakan taru ya ƙone fenti nan take, balle a kan kusurwa da bakin ƙofa inda fenti ya fi siranta. Akwai kuma mai juyawa yana karkarwa, wanda ba ya tara zafi sosai, ya fi dacewa da wanda hannunsa bai nuna ba.

Ga alamun da nake gane gwani da su. Ba ya aiki a rana, ko a kan ƙarfe mai zafi. Yakan wanke motar sarai tukuna, don ƙwayar yashi guda a soso ta isa ta ɓata ƙofa. Yakan rufe robobi da kusurwoyi da tef. Yakan fara gwadawa a ɗan wuri da mai mafi laushi, in bai ci ba kāna ya ƙara kaifi. Ba ya danna inji, ba ya barinsa ya tsaya, yana kuma share soso a kai a kai. In ya sa farce a zane ya ji farcen ya maƙale, sai ya gaya maka gaskiya, wannan ya yi zurfi, a bar shi. Wanda ya ce zai fid da kowane zane cikin rabin sa'a da kuɗi kaɗan, ka tuna araha ba ta ado.

Sauran magana ga mai shirin sayen mota 'yar Kwatano. Akwai man da ba ya fid da zane, cike shi kawai yake yi, bayan wanki uku ko huɗu sai asiri ya tonu. Kada ka duba mota da magariba, ko tana jiƙe. Ka fito da ita tsakar rana, ka dubi gefenta a karkace. Ka ɗora ɗan mayen ƙarfe a ƙofofinta na ƙarfe, inda ya ƙi kamawa sosai watakila foti ne aka cika bayan haɗari. Ƙyalli ba ya ba da labarin abin da ke ƙarƙashinsa.

Shawarata ita ce, a goge mota da inji sau ɗaya a hannun gwani, sa'an nan a tsare aikin. A riƙa kwarara ruwa ya sauke ƙura kafin hannu ya taɓa ta. A yi wanki da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. A bar garin sabulun wanki, don yana cinye kakin da aka shafa. Kashin tsuntsu kuwa, ga mai ajiye mota gindin rimi ko darbejiya, a wanke shi ran nan, gama yana cin fenti. A riƙa shafa kaki bayan 'yan watanni, shi ne zai sha wahalar a maimakon rigar sama. Rigakafi dai ya fi magani.

Ina fata masu wannan sana'a da suka karanta za su rubuto su ƙara mana abin da suka sani. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani mai karatu, Birnin Zariya.