Roka Ta Fashe, To Sai Me? Yadda Ake Taka wa Kamfanonin Sararin Samaniya Birki

Ranar 20 ga Afrilu 2023 kamfanin SpaceX ya harba Starship, roka mafi girma da aka taɓa harbawa, daga Boca Chica a kudancin jihar Teksas. Minti huɗu da tashinta ta tarwatse a sama, ma'aikatan kamfanin kuwa sai tafi da sowa. Da yawanmu mun ga bidiyon a intanet, mun ce wai waɗannan lafiyarsu ƙalau? Ai su a wurinsu gwaji ne, kuma a ganinsu rokar da ta fashe ta koyar da abin da kwamfuta ba za ta iya koyarwa ba. To amma akwai waɗanda ba su yi tafi ba, wato jami'an FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka.

Dalili? Ƙarfin injinan rokar ya haƙa rami a dandalin da aka harba ta, ya watsa kankare ko'ina, ƙura kuma ta sauka a garin Port Isabel, kusan kilomita 10 daga wurin. Abin da ya fi tayar da hankali, na'urar da aka tanada don tarwatsa rokar idan ta kauce hanya ta ɗauki kusan daƙiƙa 40 kafin ta gama aikinta. Ku ƙiyasta fa da a ce ta nufi gari ne.

Ga yadda tsarin yake. A Amurka kamfani ba ya harba roka sai da lasisin FAA. Idan aka yi haɗari, sai a dakatar da irin wannan rokar, a buɗe bincike. Wani abin mamaki, galibi kamfanin ne da kansa ke jagorantar binciken, FAA tana sa ido, kuma ita ke da maganar ƙarshe a kan rahoton. A kan Starship, sai a Satumba 2023 aka rufe binciken da jerin gyare-gyare 63, har da sake fasalin dandalin harbawa. Gwaji na biyu bai yiwu ba sai 18 ga Nuwamba, kusan wata bakwai ke nan. Blue Origin na Jeff Bezos ya fi shan jira: rokarsa New Shepard ta faɗi a Satumba 2022, babu mutum a ciki, aka ba shi gyare-gyare 21, bai sake harbawa ba sai Disamba 2023.

Idan aka rasa rai, lamarin ya wuce nan. Ranar 31 ga Oktoba 2014 jirgin SpaceShipTwo na Virgin Galactic ya wargaje a lokacin gwaji a hamadar Mojave ta Kalifoniya. Mataimakin matuƙi, Michael Alsbury, ya mutu, matuƙin Peter Siebold ya tsira da raunuka. NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri, ita ta karɓi aikin. A 2015 ta gano cewa Alsbury ya buɗe makullin fikafikan wutsiyar jirgin tun kafin gudunsa ya kai inda aka tsara. Sai dai ba ta ɗora wa mamacin laifin ta tashi ba. Ta ce kamfanin da ya ƙera jirgin, Scaled Composites, bai yi tanadi ba don kada kuskuren mutum ɗaya ya hallaka jirgi, kuma ita kanta FAA ta sha suka a kan yadda ta sa ido. Masu karatun injiniya a cikinmu, wannan darasin naku ne: ɗan Adam ajizi ne, don haka na'ura ce ya kamata ta yafe masa kuskure.

Kamfanonin dai suna ƙorafi. Elon Musk ya sha cewa takardun gwamnati na jan ƙafar aikinsa, kuma da FAA ta nemi cin SpaceX tarar sama da dala 600,000 a Satumba 2024 kan saɓa sharuɗɗan lasisi, ya yi barazanar kai ta kotu. Hujjarsu ba ta banza ba ce: kowane wata na jira kuɗi ne, ga China tana sauri, ga NASA ta dogara da Starship a shirinta na mayar da mutane duniyar wata.

To amma sauri ya haifi nawa. A 16 ga Janairu 2025 Starship ta sake tarwatsewa, ɓaraguzai suka zubo a tsibiran Turks da Caicos, aka karkatar da jiragen fasinja. A 6 ga Maris aka maimaita, har aka tsayar da tashin jirage na ɗan lokaci a Miami da Orlando. Fasinjan da ke cikin jirgi da mutumin tsibirin ba su sa hannu a gwajin kowa ba. Su ne ainihin waɗanda dokar ke karewa, domin tun 2004 majalisar Amurka ta taƙaita ikon FAA na kafa ƙa'idojin lafiyar waɗanda suka shiga roka da son ransu, kuma an sha tsawaita wannan sassauci.

Saboda haka 'yan'uwa, in kun sake ganin roka ta zama ƙwallon wuta a allon wayarku, kada ku tsaya a dariya. Ku nemi sanin inda ɓaraguzan suka faɗa, da wanda ya yi binciken, da gyare-gyare nawa aka tilasta kafin a sake harbawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.