Danielle Williams: 'Yar Jamaika Da Ta Faɗi Ta Tashi

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A wannan wata mun ga ya dace mu kawo wa jama'ar Akwatialine da sauran unguwannin Zango labarin wata baiwar Allah 'yar tsibirin Jamaika, mai suna Danielle Williams, gwanar tseren tsallake shinge na mita 100.

Da farko bari mu san wasan. Shinge 10 ake jerawa, tsayin kowane kusan santimita 84. Daga wurin tashi zuwa shingen farko mita 13 ne, tsakanin shinge da shinge kuwa mita 8 da rabi. Taku uku kacal gwanaye ke yi a tsakani, sai tsalle. Duk abin ba ya kai sakan 13 a wurin manya. Saboda haka wadda ƙafarta ta daki shinge ɗaya, sau da yawa aikin shekara guda ya bi ruwa ke nan.

An haifi Danielle a 1992. Ta tashi ta tarar da yayarta Shermaine tana wannan wasa, sai ta bi sahu. Ta yi karatu a jami'ar Johnson C. Smith a Amurka, inda mai horarwa Lennox Graham ya riƙe ta. A 2015 aka yi gasar duniya a birnin Bejin na ƙasar Sin. Ba ita ake sa rai ba, amma ta zo ta ɗaya a sakan 12.57, tana da shekara 22. Abin sha'awa, da ita da yayarta duk suna cikin tseren ƙarshe a ranar.

Daga nan sai jarrabawa ta biyo baya. A Jamaika suna ba ya kai mutum gasar Olamfik, sai ya fito a gwajin gida. A gwajin 2016 zakarar duniya ta yi karo da shinge ta faɗi, ta rasa zuwa Riyo. A 2018 ta zo ta biyu a wasannin ƙasashe renon Ingila a Ostireliya, bayan Tobi Amusan ta Nijeriya. A gwajin 2019 alƙalai suka fitar da ita bisa cewa ta tashi kafin bindiga. Ba ta naɗe hannu ba. A watan Yuli na shekarar ta yi sakan 12.32 a Landan, wanda a lokacin babu 'yar Jamaika da ta taɓa yi, daga baya kuma ta samo tagulla a gasar duniya ta Doha. A 2021 ta sake rasa gurbin Olamfik, domin uku ake ɗauka, ita kuwa ta zo ta huɗu.

Da wata ce da ta rataye takalmi. Amma a 2023, a birnin Budafes na ƙasar Hangare, shekara 8 bayan zinarenta na farko, ta sake zama zakarar duniya a sakan 12.43. Wadda ta bi mata, Jasmine Camacho-Quinn, ta yi 12.44. Tazarar ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Sai a 2024 ta taka filin Olamfik karon farko a Faris, tana da shekara 31, ta tsaya a zagayen kusa da ƙarshe.

To, me ya haɗa mu da Jamaika? Da yawa daga bayin da Turawa suka kai can daga gaɓar Gana aka ɗebe su. Sunaye irin su Cudjoe da Accompong, wato Kojo da Acheampong, suna nan a tarihinsu. Yawan mutanen tsibirin bai kai miliyan 3 ba, alhali ƙidayar 2021 ta nuna yankin Asante kaɗai ya haura miliyan 5. Asirinsu a makaranta yake. Tun 1910 suke gasar 'yan sakandare da suke kira Champs, wadda yanzu ake yi a babban filin Kingston, maza da mata, gari ya cika ya batse. Nan ake gano yaro tun yana ɗanye, a ba shi mai horarwa, a nema masa karatu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Rose Hart ta ci wa Gana zinare a tsallake shinge na mita 80 a wasannin Afirka na farko a Barazabil a 1965. Vida Nsiah ta riƙe tutar ƙasa a shinge na mita 100 a shekarun baya. Kuma kowa a Kumasi ya san yadda filin Baba Yara ke cika in ana gasar Inter-Co, da irin sunan da makarantar T.I. Ahmadiyya ta yi a guje-guje.

Tambayar da muke yi wa kanmu ita ce: 'yan matan Zango nawa ne ke cikin masu gudun, nawa ne kuma ke bakin ƙofa da tiren talla? Mun san damuwar iyaye, musamman kan sutura da tarbiyya, kuma damuwa ce mai tushe. Amma Nawal El Moutawakel ta Maroko, Musulma ce, ta ci zinaren shinge na mita 400 a Olamfik na 1984. Ruqaya Al-Ghasra ta Baharain kuwa da lulluɓinta ta ci mita 200 a wasannin Asiya na 2006. Ashe ana iya gudu ba tare da an zubar da mutunci ba.

Muna roƙon iyaye mata da su je filin da kansu ranar gasar makaranta, su ga malaman da ke kula da 'ya'yansu, su san lokacin fita da na dawowa. Muna kuma kira ga malaman makarantunmu da ƙungiyoyin matasa na Akwatialine, Aboabo da Asawase, kada ƙwallon samari ta cinye komai. Shingen koyo ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kafinta na unguwa zai haɗa shi da katako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.